Ranar da Kilishin Baba Ya Je Awo

A gidanmu na Kazaure ba a shanya wanki a tsakar gida sai bayan la'asar, domin rana ta kilishi ce. Haka muka taso muka tarar. Duk wadda ta kuskura ta ɗaura igiya da hantsi har zaninta ya yi wa nama inuwa, to ranar za ta ji bakin Baba, maƙwabta ma su taya ta ji.

Baba mahauci ne, amma bai taɓa zama a teburin kasuwa ba. Kilishi kaɗai ya sani. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, shi ke sammako mayanka ya zaɓo cinya mai kyau ya kawo. Baba ya ɗora tsoka a kan katako, ya dinga bin ta da wuƙa yana warwarewa kamar mai warware rawani, har ta zama falle guda shara-shara. A shanya a gadon kara. In ya sha iska a tsoma shi a labu, wato kwaɓin tunkuza da citta da kanumfari da barkono da wasu abubuwan da Baba ba ya faɗa wa kowa, a sake mayarwa rana, daga ƙarshe a nuna masa wuta. Kafin ya naɗe kowane falle a takarda sai ya ɗaga shi sama, ya kara shi da rana, ya ƙura masa ido. Inda haske ya ratsa, ya bushe. Inda ya yi duhu, da sauran ruwa, sai ya koma gado.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ni kuwa na riƙe muƙamin hannu bibbiyu. Cikin 'ya'yansa ni kaɗai nake iya ce masa ba haka ba ne, in kwana lafiya. Aure ya kai ni Gwiwa, ina ɗinkina ina kiwon 'yan awakina, amma ba na daɗewa ban hau acaɓa na leƙo gida ba, musamman bayan rasuwar Innarmu.

Tun da Inna ta rasu Baba ya rage magana, ya rage cin abinci, ya daina fita hira ƙofar gida. Aikin ne kaɗai bai ragu ba. In yana yanka, nan ne za ka ji ya tsokani Baffa, har ya yi dariya. Na san abu ɗaya a raina, kuma ban ɓoye wa kowa ba: ranar da aka raba tsohon nan da wuƙarsa, sai dai mu fara shirin zaman makoki.

Sai kuma ido ya fara ba shi matsala. Da farko ya ce hayaƙi ne. Daga baya muka ga fari-fari ya lulluɓe ƙwayar, ya koma kiran jikoki da sunan juna. Muka ce yanar ido ce, a je asibiti a cire. Ya ce ina! Wani ya riga ya gaya masa wuƙa ake sa wa ido.

"Uwata," ya ce mini, "duk garin nan babu wanda ya kai ni sanin abin da wuƙa take yi wa nama. Ba za a sa mini ita a ido ba."

Na yi faɗan, na yi lallashin, na yi fushin ma na ɗauke ƙafa, duk a banza. Ni ce na gaji na dawo da kaina.

A wata damina mai yawan ruwa abin ya fashe. Akwai wani ɗan kasuwa mutumin Babura da ya daɗe yana sarin kilishin Baba yana tsallakawa da shi Nijar. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa sai saurin baki. Ya aiko aka ɗaukar masa babban ƙunshi a bayan babur. Bayan 'yan kwanaki sai ga ƙunshi ya dawo, shi ma yana biye. Ya ce sun buɗe sun tarar wasu fallayen sun yi laushi, wasu har sun fara fumfuna, kuma shi ba zai kai wa mutane abin da zai ɓata musu ciki ba. Gaskiyarsa ce. Amma da ma ya ja Baba gefe ya gaya masa. A ƙofar gida ya faɗa, daidai lokacin da mutane suke fitowa daga sallar azahar. Kafin magariba zance ya zaga unguwa, wai tsoho ya daina gani, ɗanyen nama yake naɗe wa jama'a.

Washegari Baffa ya kira ni, na taho a gigice. Na tarar Yayanmu, babban ɗan Baba, wanda yake sayar da kayan gyaran babur a Roni, ya riga ni isowa. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya sauke abin da ya zo da shi.

"Baba ya huta haka nan," ya ce. "Me ya rasa? Ci ne ko sutura? Yau kaya aka dawo da su. Gobe in ɗan wani ya ci ya kwanta fa? In ya mutu fa? Da wane ido za mu kalli mutane?"

Na taso masa. "Yaya, ka taɓa naman? Ka shinshina? Ko zancen ƙofar masallaci ka kwaso ka kawo mana?"

Ya ce ni dama tun ina yarinya bakina ya fi ni girma. Na ce eh, kuma bai ƙanƙance ba. Muka yi ta yi, Baffa yana ba mu haƙuri. Amma tsoron da Yaya yake ji ni ma ina jinsa. Na ga fallayen da idona. Kuma da wani ya tsare ni ya ce idon da ba ya bambance jikoki ta yaya zai bambance busasshe da ɗanye, da ba ni da amsa.

Baba yana kishingiɗe a tabarma yana jinmu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Namana ya bushe. Da hannuna na naɗe."

Sauran kilishin da aka yi tare da na mutumin Babura yana nan a ɗaki, ba a fitar ba. Baffa ya ce a yayyaga kowanne a ga cikinsa. Na ce in aka yayyage duka me za a sayar, gutsattsari? Kuma ko an yaga, da idon wa za a yarda? Na Baba an ce ya mutu, namu kuwa kowa da ɓangarensa. A nan Yaya ya kafa sharaɗinsa. In an iya nuna masa cewa naman a bushe ya bar gidan nan, ya janye maganarsa. In ba a iya ba, Baba ya ajiye wuƙa.

Sai Autarmu ta faɗo mini a rai. Tana jami'a a Kano tana karatun kimiyyar abinci, kuma na san aikinta na kammalawa a kan kilishi take yi, don ta ishe mu da tambayoyi a hutun da ya wuce. Na kira ta, na buɗe sifikar waya kowa ya ji, na zayyana mata komai.

"Ku kwantar da hankalinku," ta ce. "Zan roƙi malaminmu ya ara mini na'urar da nake aiki da ita. Ba sai an yaga ko an yanka komai ba. Ɗorawa kawai zan yi a kai, in duba muku abin da ke ciki. Ranar Asabar in Allah ya yarda zan zo in duba duka."

Ni har na fara hamdala. Sai na ga Baba ya tashi zaune.

"Me ta ce za ta zo ta yi?"

"Dubawa, Baba."

"Duba? A gidana?"

A lokacin na gane inda ya nufa. Mu likita da mara lafiya muka ji a kalmar, shi kuwa mai zana ƙasa ya ji, wanda ake zuwa wurinsa ya faɗi abin da ke ɓoye da abin da gobe za ta zo da shi. Babu abin da Baba ya tsana a duniya kamar wannan. Ko lokacin jinyar Inna, da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wasu danginta suka zo da shawarar a je a duba ko da hannun mutum a ciki, har bakin zaure ya raka su, ya ce kada su sake dawo masa da wannan zance. Ya zauna da matarsa yana mata addu'a har Allah ya karɓi abarsa.

"Baba, ba irin wannan duban ba ne," na ce. "Na'ura ce ta makaranta."

"Abin da zai ga cikin abu ba a buɗe ba, ya gaya maka, mene ne sunansa in ba duba ba? Ko don an sa shi a kwali? Gaibu na Allah ne, Uwata. Ashe boko har nan ya kai ku?"

Ya miƙe yana laluben bango, ya kulle ɗakin kilishi, ya jefa makulli a aljihu. Ya ce gara ya ƙona naman duka, ya ajiye wuƙar da kansa, da a shigo masa da shirka gida bayan ya tsufa.

Yaya ya dube ni ya ce, "Kin dai ji da bakinsa." Da ba yayana ba ne, da Allah kaɗai ya san abin da zan ce masa ranar. Na dai haɗiye.

Ban koma Gwiwa ba. Na kira maigidana na ce ya yi haƙuri da ni zuwa Asabar. Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Baffa bai je mayanka ba, gadon kara yana nan fayau. Baba daga masallaci sai tabarma, tuwo ma sai na tsare shi yake cin loma kaɗan. Wata safiya matar Baffa ta ɗaura igiya ta shanya wanki da hantsi, babu wanda ya ce mata kanzil. Na tsaya a bakin madafi ina kallon zannuwan, sai kawai na ji hawaye. Haushi biyu ne ya haɗe mini, na Yaya da ya kafa sharaɗi, da na Baba da ya rufe ƙofa ɗaya tilo da za ta fitar da shi.

Auta ta iso ranar Asabar da hantsi, ga hadari yana ta haɗuwa yana watsewa. Yaya ya zo daga Roni, ya kuma kirawo mutumin Babura ya zama shaida. Ita Auta ba irina ba ce. Ba ta da hayaniya, amma in ta kafe a kan abu sai dai ka gaji ka bar ta. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta tambayi jikinsa, ta sha ruwa, kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Sannan ta buɗe jakarta ta ɗauko wani abu baƙi, bai fi tocila girma ba, da ɗan gilashi a bakinsa. Ta ajiye a tabarma gaban Baba.

"Ga shi, Baba. Ba zan kunna ba sai ka yarda. Ka tambaye ni duk abin da kake so a kansa. In ka ce a'a, in mayar da shi jaka, mu ci abinci in koma."

Bai taɓa shi ba. Ya dai karkato kai wajen Auta.

"Yana faɗin abin da zai faru gobe?"

"A'a, Baba."

"Yana faɗin wanda ya ja mini wannan abin?"

"A'a."

"To yana ganin cutar da ke cikin nama?"

"Ita ma ba ya gani. In ana neman ƙwayar cuta sai an gutsuri naman an kai ɗakin gwaji, a jira kwanaki."

Baba ya ɗan yamutsa fuska. "To me ya iya?"

"Ruwa, Baba, da maiƙo. Haske yake fitarwa, irin wanda idonmu ba ya kamawa. Hasken ya ɗan shiga naman ya dawo. Ruwa yana shanye wani sashe na hasken, maiƙo yana shanye wani daban. Abin da ya dawo shi yake lissafawa, ya aiko mini lamba a waya. In ruwa ya yi yawa mun san naman ba zai ajiyu ba, fumfuna za ta samu wurin zama."

"Wa ya gaya masa yadda kilishi yake?"

"Ni ce." Ta yi 'yar dariya. "Wata da watanni ina yawon kasuwa ina sayo kilishi. In haska shi da wannan, sannan in yanka in niƙa in auna nauyinsa, in busar da shi ƙarau a tanda in sake aunawa. Nauyin da ya ragu shi ne ruwan. Da haka da haka na koya masa, har ya zama in ya haska ba sai na yanka ba."

"Yana kuskure?"

"Yana yi. In labu ya yi kauri a wuri ɗaya, ko hannuna ya motsa. Shi ya sa nake haska kowane falle a wurare da yawa."

A nan Baba ya gyara zama. "Ni dai tun da nake ban taɓa jin ɗan duban da ya ce yana kuskure ba."

Baffa ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi sauri ya rufe baki. Baba ya miƙa hannu ya lalubo abin, ya jujjuya shi, ya shafa gilashin da babban yatsa.

"Wato kara naman yake yi da haske, kamar yadda nake kara shi da rana."

"Kusan haka ne, Baba. Sai dai shi ba ya jiran hadari ya wuce."

"To ai wannan awo ne!" Ya juyo inda nake kamar ni ce mai laifin. "Awo ne, Uwata, irin na mudu da sikeli. Me ya sa tun farko kuka ce duba? Ku 'yan zamani ba ku iya magana ba, ku ɗaga wa mutum hankali a banza."

Wallahi na buɗe baki zan rama, sai na ga hannunsa ya shiga aljihu yana laluben makulli. Na rufe bakina ruf. Ban taɓa jin daɗin shan faɗa kamar na ranar ba.

Aka shimfiɗa tabarmi a rumfa, aka fito da na ɗaki gefe guda, wanda aka dawo da shi gefe guda. Baffa ya ce yau kilishi ya zo awo kamar mai ciki, saura a ba shi kati. Auta ta kunna na'urarta, ta fara ɗora ta a kan wani farin marfi, ta ce gaisuwarta ke nan kafin ta fara aiki. Baba ya ce bai yarda ba tukuna, sai ya gwada ta. Ya sa aka kawo ɗanyar tsokar miya daga madafi, aka haska, lamba ta yi sama. Aka haska wani tsohon guntun kilishi da ya kwana biyu a kwano, ta yi ƙasa. Sai ya miƙa tafin hannunsa ya ce shi ma a auna shi. Auta ta ce ba a koya wa na'urar mutum ba, ya ce ta dai ɗora. Ta ɗora, ta kalli waya.

"Baba, kai kam ba ka bushe ba. Da sauranka."

Kowa ya yi dariya har da Yaya. Ni kuwa na juya baya kamar ina gyara mayafi.

Daga nan aka shiga aikin sosai. Ta ɗauki falle, ta shimfiɗa, ta ɗora na'ura a gefe, a tsakiya, a ɗaya gefen, ta kalli waya, ta ajiye a dama. Ta nuna mana iyakar da in lamba ta haura ta, to da sauran ruwa. Ni ban gane lambobin ba, fuskarta nake karantawa. Na ɗaki ta fara da su. Dama, dama, dama. Tarin yana ta hawa. Ko ɗaya ba a yaga ba, yadda aka ɗauko su haka aka ajiye su.

Da ta koma kan ƙunshin da aka dawo da shi, sai ta rage sauri. Fallayen da suke can tsakiyar ƙunshin lafiyarsu lau. Na sama da na gefe su ne masu danshi, kuma danshin a bakin-baki yake, tsakiyarsu a bushe. Ta kira Yaya ta nuna masa.

"Yaya, ka ga naman da bai bushe a gado ba, tsakiyarsa ce take riƙe ruwa, don gefe shi ke fara bushewa. Waɗannan kuwa akasin haka ne. Daga waje ruwan ya shigo musu, bayan an naɗe."

Duk muka juya muka kalli mutumin Babura. Ya cire hula ya sosa ƙeya. Ya ce to, gaskiya mai babur ɗin ya gaya masa ruwa ya kama shi a hanya, ya fake a wata rumfa, amma ya rantse masa ruwan bai taɓa kaya ba tunda akwai leda a kai. Shi kuma bai kwance ledar ba sai da za a tsallaka da kayan Nijar. Auta ta ce ledar ce ma ta riƙe danshin ya kwana yana aiki. Bawan Allah ya matso ya durƙusa gaban Baba yana ba da haƙuri. Na so in ce masa ya je ƙofar masallaci ya maimaita, tunda can ya fara. Baba ya riga ni, ya ce ya tashi, babu komai, ruwan sama ba na kowa ba ne. Amma da aka yi sallar azahar na ji an ce da kansa ya tsaya ya yi wa mutane bayani, don haka na yafe masa rabi.

Na zaci an gama. Sai na lura akwai wasu 'yan fallaye na ɗaki, ba su da yawa, da Auta ta ajiye a hagu ba ta ce komai a kansu ba. Ta ɗago ta kalle ni. Na gane. Na harare ta, na girgiza kai kaɗan, wai ta bari a tashi a haka. Yarinyar nan ta ɗauke kanta kamar ba ta gan ni ba.

"Baba, waɗannan suna son ƙarin rana. Ba su lalace ba, amma tsakiyarsu ba ta gama ba. Yankan ya ɗan yi kauri a wurin."

Baba ya karɓi ɗaya, ya ɗaga shi sama yadda ya saba, ya kara da ɗan hasken da ke akwai. Ya daɗe a haka. Sai ya sauke, ya bi tsakiyar da yatsu, ya matsa. Ni kuwa Yaya nake kallo, na shirya masa tsaf, don na san ga ƙofa ta buɗe masa. Sai Yayan ya tashi, ya tattara fallayen, ya nufi tsakar gida. Ya ce wa matar Baffa ta taimaka ta kwashe wankinta. Ya jera su a gadon kara ɗaya bayan ɗaya, a karkace, don bai iya ba. Da ya dawo ya ce wa Baffa, "Gobe sai a yi sammakon mayanka ke nan." Maganar ajiye wuƙa ba ta sake fitowa daga bakinsa ba.

Waɗanda suka yi fumfuna Baba da kansa ya ce a ƙona su, kada ko kare ya ci. Aka ci abinci, ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙarin miya. Da la'asar Auta ta fara goge na'urarta tana mayarwa kwali. Baba yana jin motsinta.

"Auta, abin nan naki ne?"

"Aro ne, Baba. Na makaranta ne, jibi zan mayar."

"Ba a sayarwa a kasuwa?"

"Ana sayarwa, amma ba a nan kusa ba, kuma sai wanda ya koyi aiki da shi."

Ya murza carbinsa. "To in ya koma, wa zai gane mini na hagun?"

Ni da nake da amsa a bakina tun bara, na danne ta da ƙyar, don na san in ta fito daga wurina ta lalace.

"Wuƙar da suke sa wa idon," ya ce can, "ƙarama ce?"

Yaya ne ya kai shi Kano bayan an yi girbi. Kafin nan ya ci gaba da yankansa, Baffa yana bin bayansa da yatsu yana ware masu kauri a ƙara musu rana. Ido ɗaya aka fara yi. Na zauna a barandar asibiti ina ta juya carbi ban san me nake karantawa ba, har aka fito da shi da auduga a fuska yana mita wai ko zafi bai ji ba, an tsorata shi a banza. Likita ya ce ya guji hayaƙi da ƙura na ɗan lokaci, aka ba shi baƙin tabarau. Muka dawo da shi gida, na zauna jinya.

Ranar da ya fara fitowa tsakar gida ina tsugune ina wanke kwanuka. Ya tsaya ya kalli katanga, ya kalli bishiyar darbejiya, ya kalle ni ya ce ashe na yi furfura ban gaya masa ba. Sannan ya wuce ɗakin kilishi ya ɗauko falle ɗaya cikin na ƙarshen da aka yi kafin tafiya asibiti. Ya zare tabarau, ya ɗaga shi ya kara da rana.

"Subhanallahi! Wa ya yanka wannan? Wannan ai balangu ne, ba kilishi ba."

Na sunkuyar da kai cikin kwanuka. Baffa, Allah ya saka masa da alheri, ya yi gyaran murya ya ce wa wan nasa, "A yi haƙuri, Yaya, ni ne. Hannuna ne ya yi nauyi."

Baba bai sauke fallen ba. Ya bi layin wuƙar da ido daga sama har ƙasa, ya juya shi, ya sake bi.

"A'a," ya ce. "Na gane hannun."

Ya naɗe shi a hankali ya ajiye gefe. Ya jawo katakonsa da ƙafa ya zauna.

"Uwata, likita hayaƙi ya hana ni, bai hana ni yanka ba. Miƙo mini wuƙata."

Na ɗauraye hannuna na je na ɗauko masa.